Ranar da Aka Wanke wa Ummi Ƙafa a Queens

Shekarata biyu da wata uku a New York kafin wannan abu ya faru, kuma duk tsawon lokacin nan hanya ɗaya tak na sani. In sauko daga benenmu a Mount Hope, in miƙe Grand Concourse, in gangara ramin jirgin ƙasa, in hau mai harafin D har 125th Street. Da yamma in juyo. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare a Daura ba, sai na allo, don haka ba karanta sunayen tashoshin nake yi ba, ƙirga su nake yi da yatsa a cikin hijabi. Ranar da jirgin ya tsallake wata tasha bai tsaya ba, sai da na yi kuka a gaban mutane.

Kitso nake yi a shagon Hajiya Mariama, wata 'yar Damagaram da ta daɗe a Harlem. Ita ta ɗauke ni tun ban san kalma goma ta Turanci ba, ita ce kuma ke tura mini duk kan da sauran mata suka ƙi, irin ƙananan kitson nan da za a wuni ana yi har baya ya ƙage. Ban taɓa yi mata musu ba. Takarduna suna hannun lauya ba su fito ba, kuma tun zuwana matan shagon suka cusa mini abu biyu a kai: kada in yarda wani abu ya haɗa ni da ɗan sanda, kada kuma in bari a ce na yi sakaci da yarinya, don a ƙasar nan akwai hukumar da ke zuwa har gida ta ɗauke ɗa daga hannun uwarsa. Ko gaskiya ne yadda suke faɗa, ko da ƙari a ciki, ni dai na riƙe. In Ummi ta yi kuka da ƙarfi a ɗaki, taga nake fara rufewa kafin in rarrashe ta.

Ummi ita ce 'yata, ita kaɗai, shekararta biyar a lokacin. Ranakun makaranta ba ni da damuwa. Asabar ce matsala, ranar da shago ya fi cika, babanta kuma yana can wani katafaren sito a New Jersey inda ake sa su kulle wayoyinsu a akwati tun safe har biyar na yamma. Wadda ta rufa mana asiri ita ce maƙwabciyarmu, tsohuwa Kamla, wadda ƙofarta ke kallon tamu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kanta fari fat, kullum tana ƙamshin man kwakwa. Ummi tana ce mata Nani.

Ranar da na fara ganinta har daɗi na ji, don ni da finafinan Indiya na tashi. Na kwaso duk 'yan kalmomin da na haddace na zuba mata. Ta tsaya tana kallona, sannan ta yi dariya har tana dafa bango, ta ce ita daga Guyana take. Na ɗauka wani gari ne a Indiya, kamar yadda Daura take a Najeriya. A kusurwar ɗakinta akwai hotuna da 'yar fitila da turare. In na shiga ɗauko Ummi kau da kai nake yi in yi a'uziyya a zuci, na kuma gargaɗi yarinyar kada ta je wajen. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne tsohuwar ba ta dafa nama ko kaɗan, balle in ji tsoron abin da za a sa wa 'yata a baki.

A makon nan na Oktoba na lura da wasu abubuwa, amma ban haɗa su ba. Kullum da magariba sai in ji 'yar ƙararrawa na kaɗawa a ɗakinta, turaren ya fi na kullum yawa. Na kai mata ɗanwake ta ƙi karɓa, ta nuna mini yatsu tara ta dafa ciki, wai azumi take. Na ce a raina ashe su ma suna yi.

Ranar Asabar na miƙa mata Ummi da safe kamar kullum. Wajen sha ɗaya, ina tsakiyar kan wata baƙar Ba'amurkiya, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga wayar Kamla.

Ummi ce zaune a kan 'yar kujera, an yafa mata jan ƙyalle a ka, an ɗiga mata ja a goshi, an ɗaura mata jan zare a hannu. Ƙafafunta biyu suna cikin tasar tagulla da ruwa. Wani tsoho da ban taɓa gani ba, ba riga a jikinsa sai mayafi, ya durƙusa a gabanta ya sunkuyar da kai. A bayanta, a bango, hoton wata mace mai hannuwa da yawa a kan damisa, ɗaya hannun riƙe da takobi. Ɗakin kuma ba ɗakin Kamla ba ne.

"Rabi, me ya sa kika sandare? Matar nan jira take," in ji Hajiya Mariama.

Na miƙa mata wayar. Ta sa tabarau ta duba.

"Innalillahi. Wa kika bar wa yarinyar nan?"

"Maƙwabciya ce, Hajiya."

"Maƙwabciya. Bon. Ke ba ki ga takobi ba? Ba ki ga jan ƙyalle ba? A garinmu in aka ɗaura wa akuya jan ƙyalle, kin san inda za a kai ta."

Anti Fati, 'yar Kumasi da ke kitso kusa da ni, ta leƙo. "Hajiya ki bari mana, kina ƙara tsorata ta. A kira folis kawai."

"A kira su a ce musu me? Su tambaye ta wa ya ba tsohuwar izinin rainon yara? Su tambaye ta tata takardar? Ko an sami yarinyar, a hannun gwamnati za ta kwana."

Na kira Kamla, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Na kira Baban Ummi, ko da yake na san wayarsa tana cikin akwati. Na bar matsefi a tsaye a kan matar nan, rabin kanta a kitse rabi a tsefe, na fita da silifas ɗin da nake aiki da su. Ina jin ta tana ɗaga murya a bayana.

Gida na fara zuwa. Na buga ƙofar Kamla da hannu, na buga da takalmi, na kwanta a ƙasa na leƙa ta ƙarƙashi. Ba kowa, sai ƙamshin turaren da ya kwana. Ban yarda na kira sunan Ummi da ƙarfi ba, kada wani maƙwabci ya ji ya buga wa 'yan sanda.

A kan kwanar layinmu akwai kantin wani Musulmi ɗan Bangladesh, Malam Karim, inda nake sayen madara da albasa. Na nuna masa hoton. Ya kalli matar da ke bango, bai ma kula da sauran ba, ya ce, "Durga." Ya yi murmushi yana kaɗa hannu, wai ba komai, biki ne. Yadda ya yi murmushin ya ba ni haushi. Na ce masa, "Ina?" Ya ce mutanen ƙasarsu masu wannan addini suna yin nasu yau a zauren wata makaranta a Queens. Ya yagi takardar da yake ƙunshe kaya ya yi rubutu, ya nuna mini da yatsa: D, sannan E, sannan sunan wurin. Ni a lokacin duk wanda ya sa ja a goshi Ba'indiye ne, Indiyawa kuma wuri ɗaya za su taru su yi bikinsu, kamar yadda muke haɗuwa a filin Idi. Ban tambaye shi komai ba, na karɓi takardar.

Ban taɓa wuce 125th Street a jirgi ni kaɗai ba. Da ƙofa ta rufe a tashar tawa ban sauka ba, sai na ji kamar an tura ni rijiya. Na riƙa nuna takardar ga duk wanda fuskarsa ta yi mini sauƙi, har wani ya ce in sauka nan. Tasha ce mai hawa biyu, ban san inda zan bi ba. Wani mutum mai jar hula ya zo da fara'a, ya karanta takardar, ya ce in ba shi wayata ya nuna mini taswira. Na fara miƙawa, sai na ga idonsa ba a kan wayar yake ba, matakalar fita yake kallo. Na damƙe. Ya ja, na ja. Can ƙarshen dandamalin ga 'yan sanda biyu a tsaye suna hira, ihu ɗaya zan yi su iso, amma na haɗiye ihun. Muka yi ta kokawa shiru kamar kurame, har na sa haƙori a bayan hannunsa. Ya saki, ya zage ni, ya haura sama abinsa.

Wata mata mai jan keken cefane, irin masu jin Sifaniyancin nan, ta ga duk abin da ya faru. Ta karɓi takardar ta duba, ta kama hijabina ta ja ni zuwa hawa na ƙasa, ta tsaya da ni har jirgin ya zo. Ta ware mini yatsunta biyar a fuska, ta tura ni ciki. Tasha biyar. Na ƙirga su, tsakanin kowace biyu ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina ɓacewa a tsakiya ina sake farawa.

Da na sauka, tun daga bakin titi na ji ganguna. Ƙofar makarantar a buɗe take, mutane na shiga da fita cikin kwalliya, mata da fararen sari masu jan baki. Ba wanda ya tare ni. Na bi sautin har zauren da yara ke wasan ƙwallo, na tsaya cak.

A can gaba ga ta nan, ba hoto ba, mutum-mutumi ne da ya fi ni tsawo sau biyu. Idanu manya har kusa da kunne, hannuwa goma kowanne da makami, zaki a ƙarƙashinta, ta soke wani ƙato da mashi a ƙirji, an zana jini yana zuba. Maza biyu suna dukan dogayen ganguna da aka yi wa ado da gashin tsuntsu. Wani na rawa da kaskon wuta a kowane hannu, hayaƙi ya cika wurin. Sai kuma matan suka ɗauki guɗa. Guɗa irin tamu sak, ta ranar kai amarya. Wannan ya fi komai rikita ni, jin abin gida a irin wannan wuri.

Na shiga cikin yara ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Duk yarinyar da na gani da ja a jiki sai in kamo kafaɗarta. Wata uwa ta fizge 'yarta ta harare ni. Na duba bayan labule, na duba inda ake rabon wata shinkafa rawaya, na shiga har bayin mata ina tura ƙofofi. Na fito ban gan ta ba. Na zauna a ƙasa kusa da tarin takalma, na ce a fili, "Wayyo Allah, Ummi, ina suka kai mini ke."

"Yarinya, lafiya? Me ya same ka?"

Na ɗaga kai ina neman Bahaushen da ya yi maganar. Ba kowa sai wata tsohuwa Ba'indiya mai tabarau da sanda, da jan ɗigo a goshi. Na ɗauka kaina ne ya taɓu.

"Da ke nake. Wannan tsagen na fuskarki na Daura ne, ko ba haka ba?"

Sunanta Malama Shila. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Katsina, tun kafin a haife ni. Hausarta ta yi tsatsa, wani lokaci ta ce mini ka wani lokaci ki, amma Hausa ce. Na riƙe gefen sarinta na ba ta labari yadda ya zo bakina. Ta karɓi wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana dubawa.

"Ba ta nan, ba kuma za ta zo nan ba. Wannan ba namu ba ne."

"Ba bikin Indiyawa ba ne?"

"Ke in an ce biki a Afirka, sai a tafi Daura? Duba nan gefe, ƙafafun wasu yaran ne a jere. Mu yarinya ɗaya ake zaunarwa, a nan ma ba ma yi. Duba taga kuma, kin ga tutoci a kan gora? Maƙwabciyar taki 'yar ina ce?"

"Ta ce Guyana."

"To ai shi ke nan. Ba Indiya ba ce, wata ƙasa ce can wajen Brazil. Mutanensu suna unguwar Richmond Hill. Tashi."

"Malama, yanka ta za su yi?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da malamai ke yi wa ɗalibar da ta ba da amsar banza. "Abinci za su ɗura mata har ta kasa tashi. Tashi na ce, ba ki yarda da ni ba, sai kin gani da idonki."

Gaskiyarta, ban yarda ba. Na ce a raina ai duk bakinsu ɗaya. Amma ba ni da wani, kuma ga ta ta bar bikinta da ta shekara tana jira, ta sa takalmi tana dogara sanda zuwa tashar bas.

A cikin bas ita ke magana, ni ina ta latsa lambar Kamla. Ta ce darare tara ne ake yi duk kaka, ana girmama Uwa, wadda na gani da makamai, saboda ta kashe wani azzalumin da ya gagari kowa. Amma kowace ƙabila da yadda take yi. Su mutanen Bengal suna ɗaukarta kamar 'yar da ta zo ganin gida daga gidan miji, a yi mata hidima 'yan kwanaki, ranar ƙarshe a raka ta kogi ana kuka.

"A nan kuwa wa zai bar ka ka jefa abu a kogi? Sai mu naɗe ta mu sa a akwati sai baɗi. Abin ba ya mini daɗi, amma ya za a yi."

Ta ce mutanen Gujarat rawa suke yi, a yi da'ira ana buga 'yan sanduna. Na kudu kuma sai su jera 'yan tsana a kan matakala hawa-hawa, mata su yi ta zaga gidajen juna suna kallo suna gulmar ta wa ta fi kyau. Na Nepal dattawa ne ke manna wa yara jar shinkafa a goshi, a kuma yi yanka.

Na kama ƙarfen kujera.

"Awaki na ce. Awaki, Rabi. Ku ba kwa yanka rago?"

Su Kamla kuwa, in ji ta, Turawa ne suka kwashi kakanninsu a jirgin ruwa suka kai su noman rake. Harshen ya ɓace musu, amma wannan bai ɓace ba. Ranar ƙarshe sai su tara 'yan mata ƙanana tara, su wanke musu ƙafa, su ciyar da su, su ba su kyauta, manya su durƙusa su nemi albarkarsu, don a ranar Uwa suke gani a jikin yaran.

"Amma ita Musulma ce, Malama."

"Wannan kuma maganarki ce da maƙwabciyarki. Ni kawo ki zan yi." Sannan ta ce, "Sunan wa ta ci kuke ce mata Ummi?"

"Mahaifiyar babanta."

"Na tuna. Ɗalibaina da yawa haka, 'yar mitsitsiyar yarinya uban na ce mata uwata, ba ya ko iya tsawata mata."

"Mu ba ma durƙusa mata," na ce.

"Haka ne," ta ce.

Muka sauka a Liberty Avenue, jirgi na wucewa a saman kanmu. Shaguna a jere, furanni rawaya an shirya su kamar sarƙa, kwakwa, tasoshin tagulla irin wadda ƙafar 'yata ke ciki. Malama Shila ta shiga shago na farko ta nuna hoton, ba su sani ba. Na biyu ma haka. Ita tana tafiya a hankali saboda sanda, ni kamar in goya ta in ruga. A shago na uku mai sayar da furanni ta buɗa fuskar tsohon da ya durƙusa a hoton, ta ce ai malaminsu ne, da safe ma ɗan gidan da ake bikin ya zo sayen fure. Ta fito har waje ta nuna mana layin.

Gida ne ɗan ƙarami, da tutoci ja da rawaya a kan gora a gabansa. A bakin ƙofa takalma sun yi tsibi. A cikinsu na hango na Ummi, ruwan hoda, mai ƙyalli a dunduniya. Na ɗauki ƙafa ɗaya na riƙe a ƙirji. Waƙa na fitowa daga ɗakin ƙasa.

Abin da na gani da na sauka matakalar shi ne yara tara a jere a kan farin zane, kowacce da faranti a gabanta, shinkafa da madara da wata soyayyar gurasa. Ummi ce ta uku, ita kaɗai ce baƙa, kumatunta cike, an sa mata 'yan warwaro a hannu. Mutum biyu sun riƙe Kamla ta hammata suna saukar da ita a hankali kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, tana miƙa hannu za ta taɓa ƙafar 'yata.

Ban san lokacin da na tsallake mutane ba, da silifas ɗina a kan shimfiɗarsu. Na fizgi Ummi, farantin ya kife. Na tofa yawu a bakin hijabi na dirje mata goshi har ta fashe da kuka. Zaren ya ƙi kwancewa, na sa haƙori na tsinke shi. Na juya kan Kamla na ce mata ɓarauniya, na kuma faɗa da Turanci don kowa ya ji, ita ce kalmar da na iya sosai. Waƙar ta tsaya. Sauran yaran suka daina tauna.

Kamla na zaune a ƙasa, ta kasa tashi. Ta yi magana a hankali, Malama Shila da ta iso ƙasan matakala tana haki ta juya mini.

"Ta ce ranar Laraba ta tambayi maigidanki a bakin ƙofa, ya ce ba komai. Ɗaya daga cikin yaran ce zazzaɓi ya kama, tara ba ta cika ba. Ta ce hoton ta aiko miki ne ki ga yadda ta yi kyau. Bayan hoton aka kai wayoyinsu duk sama, ba a barin su wajen addu'a."

Na ji kunya ta taso mini, amma tsoron bai sauka ba, sai suka haɗu suka zama faɗa.

"Ki gaya mata a addininmu ba a yi wa ɗan Adam sujada."

Ta gaya mata. Kamla ta amsa.

"Ta ce ba yarinyar ta durƙusa wa ba, wadda ke cikinta ce."

"Ki gaya mata ba kowa a cikin 'yata sai ran da Allah Ya ba ta."

Malama Shila ta dube ni. "Wannan ba zan kai mata ba. Tun kafin a haifi kakanninmu ake wannan musun, ba a ɗakin ƙasa za a gama shi ba, ni kuma ƙafata ciwo take. Ki zauna ki sha ruwa."

Ban zauna ba. Ɗan Kamla ya ce zai kai mu gida a mota, na ƙi. Na saɓi Ummi a kafaɗa, tana kuka tana kiran Nani da Turancinta, na haura. Malama Shila ce ta raka mu har tashar jirgin A, ta gaya mini inda zan sauka in kama D. Da jirgin ya iso ta shafa kan Ummi ta ce, "In kin yi waya gida, ki ce Malamar lissafi tana gaida Katsina." Ban karɓi lambarta ba, hankalina ba ya jikina. Ban sake ganinta ba.

Ƙarfe biyar da 'yan mintoci Baban Ummi ya kira, muna cikin jirgi a inda yake bi ta sama.

"Na ga kira ashirin da wani abu. Lafiya?"

"Ka san Kamla za ta fita da Ummi?"

"Af. Eh, ta ce liyafar yara ce a gidan ɗanta, abinci da 'yan kyaututtuka. Wallahi mantawa na yi ban gaya miki ba."

Na kashe wayar. Da ya dawo na nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo yana istigfari. Ya ce yarinya ba ta da zunubi, laifinsa ne da bai tambaya ba. Ya ce shi zai gaya wa tsohuwar kada a sake, ni kuma in je in ba ta haƙuri kan ɓarauniyar da na kira ta a gaban 'ya'yanta da jikokinta. Na rama azahar da la'asar, na yi wa Ummi wanka sau biyu, na tofe ta da Falaƙi da Nasi. Haƙurin ban je na bayar ba.

Daga ranar, duk Asabar da Ummi nake tafiya shago. Ta zauna ƙarƙashin tebur cikin tarin gashin kanti da wayata a hannu, Hajiya Mariama na mita wai nan ba gidan raino ba ne. In mun fito da safe sai in leƙa ta ramin ƙofa in tabbatar ba kowa a baranda. Ummi ta daina tambayata Nani bayan mako uku, sai dai in mun wuce ta shafa ƙofar da hannu.

Cikin Disamba lif ɗin benen ya lalace. Na dawo daga kai Ummi makaranta na iske Kamla a hawa na biyu, zaune a kan matakala da jakunkunan cefane biyu, tana murza gwiwa. Mu a hawa na biyar muke. Ba hanyar da zan bi sai ta gefenta. Na tsaya. Na ɗauki jakunkunan na haura da su na ajiye a ƙofarta, na dawo na ba ta kafaɗata. Muka hau tare, matakala ɗaya-ɗaya. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A bakin ƙofarta, tana laluben makulli, na ce mata da ɗan Turancina ita ba ɓarauniya ba ce. Ta gyaɗa kai ba ta dube ni ba. Da ƙofar ta buɗe na hango 'yar fitilar nan tana ci a kusurwa, gabana ya faɗi kamar ranar farko.

Ta ce, "Asabar, za ki kawo ta?"

Na ce a'a.

Ta sa ƙafa ɗaya a ciki. Na ce, "Lahadi za mu zo. Ni da ita."